Haya, Kango da Bara: Tambayoyi da Amsoshi kan Iyalan da Suka Rasa Matsuguni a Gombe

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin magidantan da haya ta fi ƙarfinsu, da zawarawa masu riƙe da yara, da maƙwabta da masu hali da ke son taimakawa amma ba su san ta inda za su kama ba. Abin da ya shafi shari'a a nan bayani ne na gaba ɗaya. In magana ta kai gaban alƙali, a nemi lauya ko malamin da ya san fannin.

1. Wai da gaske akwai marasa matsuguni a Gombe? Mu dai ba ma ganin iyalai a ƙarƙashin gada kamar yadda ake faɗa a Legas.

Akwai, sai dai nasu rashin ba ya fitowa fili. Da wuya ka ga uwa da 'ya'yanta sun shimfiɗa tabarma a bakin titi, domin kunya da zumunci suna rufe abin. Wanda aka fitar daga gidan haya rarraba iyalinsa yake yi. Matar ta koma ɗakin tsohuwarta da ƙananan, samarin su koma kwanan zaure ko shagon abokai, shi kuma maigidan ya riƙa kwana a rumfar da yake sana'a ko a masallacin tasha. Wasu su samu kango a bayan gari su rataya buhu a ƙofa. In ka tambaya, kowa zai ce maka yana da wurin kwana, amma babu wanda zai iya cewa ga inda zai kwana nan da wata guda.

Mai son gani da idonsa ya zaga Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa bayan sha ɗayan dare, musamman da hunturu, ya leƙa ƙarƙashin teburan 'yan tireda. Zai tarar da yara kwance a kan kwali, sun cusa gwiwa da hannu cikin riga, robar bara ce matashin kai. Yawancinsu iyayensu na raye. Abin da ya kai su nan ya fara ne a cikin unguwa, ranar da ɗaki ya suɓuce wa iyayen.

2. Me ke fitar da iyali daga ɗaki?

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, jama'a ke kwararowa, filaye da haya suna ta hawa. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani wajen 2013 zuwa 2015, mutanen Borno da Yobe da Adamawa suka shigo da yawa, kuma akasarinsu ba sansani suka zauna ba, cikin unguwanni suka bazu, wajen 'yan'uwa ko a haya. Masu neman ɗaki mai sauƙi suka yi yawa, ɗakunan kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Ga kuma tsarin biyan: ɗan dako da mai ga-ruwa da ɗan acaɓa kullum-kullum suke samu, amma mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan abin da ake tarawa a adashi don haya sai ya koma cefane.

Wannan shi ne ke raunana gida. Abin da ke kayar da shi kuwa yawanci abu huɗu ne: jinya mai tsawo, rasuwar mai nema, saki, ko ruwa. Garin Gombe a kwari yake, ƙasarsa yashi ce, kuma filin da talaka ke iya saye shi ne na bakin kwari, inda zaizaya ke cin katanga duk damina. Tsofaffin mazauna gari ba su manta da ambaliyar 2004 ba. Batun haya na tambaya ta 5, na saki da rasuwa kuma na ta 6.

3. Akwai alƙaluman da ke nuna girman matsalar?

Na talauci akwai. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa layin talauci a naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, ya kuma nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ƙasa da shi. A Jihar Gombe adadin ya kai kashi 62. A watan Nuwamban 2022 hukumar ta fitar da wani awon da ba kuɗi kaɗai yake dubawa ba, har da lafiya, ilimi, ruwan sha, makewayi, makamashin girki da aikin yi. A wannan awon mutum miliyan 133 ne, wato kashi 63 cikin 100, suka faɗa cikin talauci, Gombe kuma tana cikin jihohin da suka haura kashi 80.

A lura da abu biyu. Alƙaluman na jiha ne baki ɗaya, kuma talaucin karkara ya fi na birni nauyi, shi ya sa ma ƙauye ke ta turo wa gari mutane. Sannan irin wannan bincike gida-gida ake bi. Yaron da ke kwana a tasha ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, don haka ba ya shiga lissafi.

4. Duk yaron da ke yawo da roba almajiri ne?

A'a, kuma haɗa su a kwando ɗaya na daga cikin abin da ke ɓata taimako. Almajiri na da malami, yana da allo, yana da lokacin karatu da asuba da dare, kuma in ka tambaye shi zai faɗa maka sunan alaramma da unguwar tsangayarsu. Akwai yaron gari da ke bara ko bola jari da rana ya koma gida da dare, wani lokacin abin da ya kawo shi ne tuwon gidan. Akwai kuma na uku, wanda ya tsinke daga kowa: ya gudu daga makaranta saboda duka, ko daga gida saboda kishiyar uwa, ya koma tasha yana wanke mota yana kwana a can.

Na farko matsalarsa abinci da sutura da magani ce, kuma ta hannun malaminsa da iyayensa ake bi. Na biyu gidansu ne ke buƙatar agaji. Na ukun shi ne ke cikin haɗari mafi girma, domin shi manyan tasha ke lalatawa, shi ake koya wa sholisho, kuma daga irinsa ne 'yan Kalare, wato 'yan dabar Gombe, ke samun sabbin hannu. Yadda za a yi da shi na tambaya ta 12.

5. Mai gida ya ce in kwashe kayana nan da kwana uku ko ya cire rufi. Yana da wannan ikon?

Ba shi da shi. Ko da ana bin ka bashin haya, doka ba ta ba mai gida damar cire ƙofa ko kwano, ko watso kaya waje, ko turo matasa su fitar da kai ba. Kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitar da ɗan haya. Ƙa'idar da aka saba bi a Najeriya, in babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce wani abu daban, ita ce notis na mako ɗaya ga mai biyan mako, wata ɗaya ga mai biyan wata, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan wannan ya ƙare sai a ba da na kwana 7, sannan a je kotu. Amma in wa'adin da kuka rubuta ya riga ya cika, ko bashi ya taru, lokacin kan gajarta sosai, don haka kada ka kwanta a kan wata shidan nan.

Shawararmu kada ka fara da maganar doka. Ka ɗauki limamin unguwa ko mai unguwa ku je wurinsa da wani abu a hannu, ko rubu'in kuɗin ne, ka ce: “Alhaji, ga wannan, ragowar a raba mini wata-wata.” A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ka riƙa karɓar rasit. Masu gida da yawa sun fi son wannan a kan zaryar kotu. In ya ƙi, ya kuma fara barazana, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam duk suna da ofis a jiha, ba a kuma biyan su. In sammaci ya zo, ka je. Ƙin zuwa ne ke sa a yanke hukunci a bayan idonka.

6. Ya sake ni ya ce in kwashe yarana in bar masa gida. Ina zan dosa? Haka ma wadda mijinta ya rasu.

Baiwar Allah, ki fara sanin cewa ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. Al'adar “tattara ki tafi gidanku” a daren da aka ba da takarda ba addini ba ce. Bayan idda, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, matuƙar ba a samu abin da ya kayar da haƙƙin ba. Amma ci da sha da sutura da magani da wurin kwanan yaran duk a wuyan uba suke. Riƙo naki, ciyarwa tasa. Mata da yawa kan haƙura da wannan don gudun a ce sun kai uban 'ya'yansu ƙara, sai ga yarinya 'yar shekara tara da farantin talla. Ki fara da waliyyai da manya. In ya gagara, kotu kan yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata.

Mai takaba kuma a gidan mijinta take yin ta, wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da ciki. A gadonsa tana da tumuni in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma matan da suka fi ɗaya raba wannan kason suke yi. Inda marayu ke rasa matsuguni shi ne wajen gaggawar sayar da gidan gado a raba kuɗi. Kason ƙananan yara ya shiga hannun wani baffa da sunan juyawa, shekara biyu babu gida babu kuɗi. Ki nemi a yi rabon a gaban alƙali, a rubuta kason kowane yaro, in da hali a bar musu nasu a matsayin ɗaki maimakon kuɗi.

7. Wani ya ba mu kangonsa mu zauna gadi kyauta. Mu karɓa?

In babu wani zaɓi, ya fi rarraba yara. Amma a yi magana a gaban shaida cewa zai ba ku aƙalla wata ɗaya ko biyu kafin ya ce ku tashi, kuma ku sanar da mai unguwa, don kada ranar da aka yi sata a layin a ce baƙin kango ne. Ku duba ramin masai da rijiyar da aka haƙa ba a rufe ba, da tankin ruwan gini, domin su ke cin yara masu rarrafe. Kada a kwana jikin bangon da bai da linta da damina, kada kuma a kunna gawayi a rufe ɗaki da hunturu. Gidan sauro dole ne. Kuɗin da ba ku biya na haya ba, a riƙa jefa wani abu daga ciki a adashi, domin zaman kango ranar da siminti ya iso yake ƙarewa.

8. Yarona na ramewa, gashinsa ya yi ja, ba ni da kuɗin asibiti.

Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yau, kada ki jira kuɗi. Alamun tamowa ne: rama, jan gashi, kumburin ƙafa, rashin kuzari. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 akan auna damtsensa da wani ɗan tef mai launi. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko in an danna bayan ƙafafunsa biyu wurin ya lotsa, tamowar ta yi tsanani. Maganinta shi ne abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin leda, kuma a cibiyoyin da ke da shirin kyauta ake ba da shi. Magani ne na yaro ɗaya. Raba shi da yayyensa ko sayar da shi a kasuwa na mayar da jinya baya. In ya daina cin komai, ko yana amai da gudawa, ko ya sanƙame, wannan na kwanciya ne a babban asibiti.

Ki kuma tambayi ma'aikatan cibiyar yadda ake shiga tsarin GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ke da gurbin marasa galihu da ƙananan yara da masu ciki. Guraben ba su isa kowa ba, amma wanda bai tambaya ba ba a rubuta shi. A gida, kunun gero da waken suya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare ya fi farin koko nesa ba kusa ba.

9. Mun tashi daga unguwa, yara sun bar makaranta, ba mu da takardar haihuwa. Za a karɓe su?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma tilas. Rashin takardar haihuwa ba dalilin korar yaro ba ne. Ku je wurin hedimasta kai tsaye, in da hali tare da mai unguwa ko wani ɗan kwamitin makarantar. Abin da ke hana yara zuwa a zahiri shi ne yunifom da littafi da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa, da kuma yunwar safe. Ku faɗi halin da kuke ciki ba tare da kunya ba, sau da yawa akan ɗaga ƙafa. Takardar haihuwar kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, tana da ma'aikata a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. A yi ta, za a neme ta wajen lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da abin da ke tambaya ta 10.

10. Ta yaya ake shiga tallafin gwamnati? Wani ya ce in ba shi dubu biyu ya sa sunana.

Kada ka ba shi. Rajistar marasa galihu ta ƙasa ba a sayen fom ɗinta. Jami'ai ne ke zuwa unguwa, jama'ar wurin su fitar da waɗanda suka fi buƙata, sannan a bi gida-gida a rubuta. Daga wannan rajistar aka biya naira 5,000 a wata a zamanin Buhari, daga ita kuma aka tsara biyan naira 25,000 sau uku a gwamnatin Tinubu, wanda aka ɗaura shi a kan NIN da asusun banki. Gyaran da tsarin ke buƙata a bayyane yake: wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ba a samu a gida ba ranar da aka zo, domin ba shi da gidan. Saboda haka duk inda kuka koma, ko kango ne, ku gabatar da kanku ga mai unguwa. Wanda ruwa ko gobara ta raba da gida kuma ya tabbata sunansa ya shiga jerin da ake kai wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, tun a makon farko.

11. Wata Hajiya ta ce in ba ta 'yata ta kai ta aikatau Abuja, za a riƙa turo mini kuɗi duk wata.

Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma laifin ya hau kan mai kaiwa da mai karɓa. Ko ta wuce haka, ki yi wa kanki waɗannan tambayoyi: kin san gidan da sunan mai gidan? Za ki iya magana da ita a waya ba tare da dillaliyar na tsaye a kanta ba? Za ta yi karatu? Hannun wa kuɗin ke bi? Abin da aka saba gani shi ne wata biyu na farko kuɗi na zuwa, daga nan sai a ce ta fasa kwano an cire, daga nan waya ta daina shiga. In har sai ta yi aiki, gidan da ke cikin gari wanda za ta je ta dawo ta kwana kusa da ke ya fi, ko da kuɗin bai kai ba.

12. Akwai yaron da ke kwana a ƙofar shagona. In kai shi gidana?

Ka fara da abinci da tambaya cikin lallashi, ba a gaban taro ba: sunansa, garinsu, sunan malaminsa ko mahaifinsa, me ya fito da shi. Kada ka yi mamaki in ya yi maka ƙarya a karon farko, tsoron a mayar da shi yake ji. In almajiri ne, a nemi tsangayar, amma a ji dalilin gudun kafin a miƙa shi. In akwai tabon duka ko alamar an lalata shi, asibiti za a fara kai shi, sannan 'yan sanda.

Kada ka ajiye shi a gidanka a ɓoye, komai kyawun niyyarka. Gombe gari ne da maganar satar yara ta taɓa tayar da hankali, kuma zargi ɗaya ya isa ya tara maka jama'a. Ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda, su haɗa ka da sashen jin daɗin jama'a na ma'aikatar mata, su ne ke da alhakin neman dangi da ba da riƙo a hukumance. In riƙon ya tabbata a hannunka, sunan mahaifinsa zai ci gaba da amsawa, kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umarni.

13. Me ya sa gwamnati ba za ta hana bara kawai ta mayar da kowa garinsu ba?

An gwada. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kuma ba a daɗe ba tituna suka sake cika. Kafin nan gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150 daga 2012, da yawansu suka lalace saboda ba a tanadi kuɗin ciyarwa da kulawa ba. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Mota na iya mayar da yaro ƙauye, amma in rumbun gidansu babu komai daga watan Yuni, zai dawo. Ra'ayinmu shi ne a yi wa tsangayu rajista, a san yawan yaran kowane malami, a hana kawo ɗan shekara biyar daga nesa, a kuma tilasta wa uba ya riƙa aiko da abincin ɗansa. Alarammomi da yawa za su yarda da haka in da su aka zauna aka tsara.

14. Mu 'yan unguwa muna son taimakawa da sadaka da zakka. Ta ina ya fi?

Ba mu ce a hana mai bara loma ba, yunwar yau ba ta jiran tsari. Amma kuɗin da ya fi aiki shi ne wanda ya riƙe iyali a ɗakinsu. Cike wa bazawara gibin haya ya fi sauƙi nesa a kan tattaro 'ya'yanta bayan sun watse, domin sabon ɗaki na buƙatar kuɗin shekara da na dillali a lokaci ɗaya. Faƙirai da miskinai da masu bashi duk suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, don haka wanda bashin haya ya danne ya cancanta. A damƙa masa a hannu, ko a biya mai gidan da izininsa. Zakkar mutum ɗaya da aka yanka dubu-dubu aka raba wa layi a ƙofar gida ba ta fitar da kowa daga komai. In an tattara ta kan gida biyu ko uku, haya da ɗan jarin awara ko ƙuli-ƙuli, sai a ga bambanci.

In asusu za ku kafa, mutum biyar sun isa: liman, mai unguwa, matashi mai iya rubutu, da mata biyu. Matan ba don cika lissafi ba, su ne ke shiga gidaje, su suka san wadda ta sayar da katifarta da wadda ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. A riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata bayan sallar Juma'a, amma ba a kiran sunan wanda aka ba, ba a kuma ɗaukarsa hoto a sa a Facebook. Ku tambayi masu gidajen haya na layinku watan da kuɗin kowane ɗan haya ke cika, ku rubuta, don ku san wanda za ku leƙa wata biyu kafin lokacin.